Farar Mujiya a Kan Asirin Umma

Yaran yanzu ba su san sanyi ba. Na faɗa, kuma ba zan janye ba. Makon jiya makarantarmu ta kai 'yan ƙananan aji wani katafaren kanti a nan Riyad, inda aka ware ɗaki guda aka cika shi da ƙanƙarar inji, aka ce mu manya mu raka su. Kowace yarinya a ba ta aron riga mai kauri, ta shiga ta yi 'yan mintuna ta fito. Wata ta fito tana karkarwa, ta riƙe hannuna ta ce, "Yaya, wallah na kusa mutuwa." Na yi mata irin kallon da tsofaffi ke yi wa wanda bai san duniya ba. Ban cika sha takwas ba, amma ranar ji na yi kamar in nemi sanda in dogara. Da na koma gida na janyo akwatin ƙarƙashin gado, na ciro takalmana na fata, waɗanda wata tsohuwa ta ɗinka mini da hannunta a ƙarshen duniya, na gwada. Ko yatsuna ba su gama shiga ba. Nan na zauna a ƙasa na tabbatar ƙuruciyata ta tafi, ko sallama ba ta yi mini ba.

A zamaninmu, wato lokacin da muke tsohon benen unguwar Shumaisi kafin mu dawo Ulaisha, zafi muka sani. Abin da ke tashe ni da safe shi ne ƙarar mai sayar da tulun gas yana buga ƙarfe a ƙasan bene, da jiniyar motar asibiti, da na'urar sanyaya ɗakinmu mai tari kamar tsohon da ya sha taba shekara hamsin. Aikina uku ne: in sayo burodi a tandar bakin titi, in hau da galan ɗin ruwa, in shanya wanki a saman bene. Wankin kuwa kafin in shanya riga ta ƙarshe ta farko ta bushe har ta fara neman ruwan sha. Yanzu yara sai su danna waya a kawo musu burodi har ƙofa, shi ya sa ƙafafunsu suke kamar taliya.

A hawan ƙasa akwai Hajiya, tsohuwa 'yar ƙasarmu da ta daɗe a nan har Larabcinta ya fi na masu garin zafi. Ita ta karɓi haihuwata. Umma ungozoma ce a asibiti, ta karɓi 'ya'yan mutane ba adadi, amma ni da na tashi zuwa ban jira mota ba, a kan matakala na sauka, a hannun Hajiya. Ba ta taɓa barin in manta ba. In na wuce ban gaishe ta ba sai ta ɗaga tafinta ta ce, "Hannun nan ne ya fara taɓa ki, mara kunya." Abu biyu aka san ta da su: yajin da take dakawa, wanda ke sa mutanen hawa na uku atishawa, da tsoron mujiya. A duk Shumaisi ban taɓa ganin tsuntsun da ya wuce tattabara ba, amma Hajiya kullum cikin shiri take. Takan ce in mujiya ta sauka a gidan mutum to su fara neman likkafani. Umma ma, duk da karatunta, in an ambaci tsuntsuwar sai ta yi a'uzu a hankali.

A makaranta kuma akwai ranar da malamar fiƙihu ta shiga babin farauta: wanda farautarsa ke halatta, da ambaton sunan Allah lokacin sakin makami, da sauransu. Na ɗaga hannu na ce, "Abla, mu a Shumaisi me za mu farauta? Kyanwar bola?" Aji ya fashe da dariya, ita kuwa ba ta yi ba. Ta sa na kwafe babin sau goma. Hannuna ya rantse sau ɗari ne. Na haddace shi tas, ina tsine wa farauta da mafarauta, ban san Allah yana ajiye mini shi ba.

Ina 'yar sha biyu Umma ta samu aikin shekara guda a can ƙuryar arewacin Kanada, a wani ƙaramin gari na mutanen da ake kira Inuwit. Baba ba zai iya barin aikinsa na lantarki ba, kafilinsa, wato mai ɗauke da nauyin takardun zamansa, ba zai ma saurari zancen ba. Aka ce a bar ni wajen Hajiya. Hajiya ta ce ita hawan jini gare ta, a tafi da ni. Baba ya kai mu kasuwar Batha sayen kayan sanyi, ya zaɓo mini farwa, wannan ƙatuwar alkyabba mai gashi a ciki da ake yafawa a hunturun Riyad. Mai shagon ya dafa ƙirji ya ce, "Wallah ya hajj, wannan ko a sanyin Tabuka ta kwana sai ta yi gumi." Baba ya ce, "Kin ji ko? Khalas, an gama da sanyi." Hajiya ta cusa wa Umma kwalbar yaji a jaka, aka yi mana walima, kowa na cewa Umma ta tafi ɗaga sunan unguwa.

Jirgi muka yi ta sauyawa, kowanne ya fi na baya ƙanƙanta, har na ce wa Umma na gaba a hannu za mu riƙe shi. Da aka buɗe ƙofar na ƙarshe sanyi ya shigo ya mare ni. Farwar Batha ta zama kamar gyalen biki. Gashin cikin hancina ya daskare, na ce "Umma" sai kalmar ta faɗi ƙasa ta fashe. To, wannan ƙari ne, amma kaɗan. Garin babu bishiya ko ɗaya, babu titin fita, sai gidaje masu launi a kan ƙafafun ƙarfe da fari iya ganinka. Mutanen ba su da yawan magana. In za su ce e, gira suke ɗagawa. In a'a ne su yamutsa hanci. Ba sa ƙwanƙwasa ƙofa, turawa kawai suke su shigo. Mu kuwa sai mu tsaya a waje muna rafka sallama har haƙoranmu su fara kiɗa, masu gida suna leƙenmu ta taga suna mamakin me muke jira.

Maƙwabciyarmu wata tsohuwa ce gajeruwa, fuskarta duk layi, tana tuƙa babur ɗin ƙanƙara kamar direban Batha da ya makara. Na sa mata Kaka, ta koyi amsawa. Ba mu yi mako ba ta turo ƙofa ta ajiye mana cinya guda ta barewarsu, wata ƙatuwar dabba mai ƙaho kamar rassan bishiya, har da kofato. A can in mafarauci ya dawo, rabawa ake yi gida gida, kuma wanda aka ba an ce masa ya zama ɗan gari ke nan. Umma ta karɓa da hannu biyu, ta russuna, ta yi godiya. Da Kaka ta fita Umma ta dube ni, na dube ta.

"Ba a yanka ba," in ji ta. "Ba a ambaci sunan Allah ba. Ba zan iya ci ba."

"To a mayar mata."

"Ke wace irin yarinya ce? A kawo miki abinci ki mayar? A gidan wa kika ga an yi haka?"

"A zuba a shara."

"Gari duka mota ɗaya ke kwashe shara, direban kuma ɗanta ne."

Kifi in an kawo tana soyawa mu ci. Naman tudu ne matsalar, shi kuma lokacinsa ne. Shawarar da muka yanke ita ce shawarar da mutumin Riyad kaɗai zai yanke. Mu a nan abin da ka yar da safe, kafin la'asar rana da kyanwoyi sun gama da shi, babu mai sake jin labarinsa. Sai muka ɗauka ko'ina haka duniya take. Umma ta ba ni shebur, na je bayan gida inda iska ke tara ƙanƙara, na haƙa rami na binne cinyar. Bayan kwana kaɗan wata ta kawo haƙarƙari, na binne. Aka kawo farin zomo, na binne. Duk tsawon hunturu ni ce mai haƙa kabari, har na fara yi musu layi. Umma kuwa a asibiti sai yabo, mata na zuwa awo suna cewa baƙuwar nan ba ta da ƙyama, duk abin da aka ba ta karɓa take.

Da rana ta fara daɗewa a sama, ƙanƙara ta fara zama ƙasa, wata safiya na ɗaga labulen kicin na gan ta. Mujiya ce, a kan tudun asirinmu, da rana tsaka. Fara sol, babu ɗigon datti, girmanta ya kai tulun gas. Idanunta rawaya kamar gwaiduwar ƙwai. Ta juyo da kai ba tare da ta motsa jiki ba ta kalle ni, kallon wanda ya san abin da na yi. Na ce, "Umma, zo ki ga baƙuwa." Umma ta leƙa, cokali ya faɗi daga hannunta. Mujiya a bayan gida, kuma fara kamar likkafanin da Hajiya ke faɗa. Ta ja labule, ta karanta duk abin da ta haddace, ta kira Baba ta ce ya yafe mata in ta taɓa ɓata masa.

Abin da ba mu sani ba, su a wajensu tsuntsuwar nan abin murna ce, kuma ba kasafai take shigowa cikin gari ba. Kafin hantsi yara sun cika bayan gidanmu suna raɗa sunanta, ukpik, ukpik. Manya suka biyo su da wayoyi. Kaka ta zo ta tsaya a gaba tana murmushi, ta yafito mu mu fito mu ga arzikin da ya sauka a gidanmu. Muka fito. Mujiyar ta gaji da kallo, ta buɗe fukafukai kamar an baza zanin gado, ta tashi ba ko ƙara. A daidai inda ta tashi sai ga kofato ya leƙo daga ƙanƙara, a miƙe, kamar ɗalibin da ya san amsa. Wani kare ya zo ya fara tono.

Ƙanƙara ba ta cin amana, ajiyewa take. Komai ya fito kamar jiya aka binne shi. Kowace mace ta gane nata. Da a Shumaisi ne da an yi ihu, an tafa hannu, an tono laifin kakannin mutum, zuwa magariba a shirya. Su ba wanda ya ce uffan. Kaka ta je ta janyo abin jan kayanta, ta ɗora naman ɗaya bayan ɗaya tana share masa ƙanƙara da tafinta, kamar mai lallashin yaro. Umma tana ta bayani da Turanci. Kaka ta dube ta, ta yamutsa hanci sau ɗaya, ta ja kayanta ta tafi. Daga baya na gane a wajensu dabbar da ta ba da ranta aka wulaƙanta naman, ba mai kyautar kaɗai aka ci wa fuska ba, har da dabbar.

Daga ranar ƙofarmu ba ta sake buɗewa ba sai in mu muka buɗe ta. Ɗakin awo ya zama kango. Abin da ya fi damun Umma jikar Kaka ce, mai tsohon ciki, wadda ƙafafunta suka fara kumbura. Umma ta san abin da kumburin nan ke iya zama, tana so ta auna jininta, ita kuwa in ta hango Umma sai ta sauya hanya. Shugabar asibitin ta ce in mata ba za su zo ba, sai dai a nemo wata ungozomar. Na tarar da Umma zaune kan akwati tana cewa, "Da wane ido zan kalli mutanen da suka yi mana walima? Wannan ma da sauƙi. In wani abu ya sami yarinyar nan saboda ni fa?"

A nan hukuncin Abla ya dawo mini kalma bayan kalma. Na ce, "Umma, in Musulmi ne ya harba, ya ambaci sunan Allah, ya halatta ko ba a yanka ba. Namiji ko mace. Ni Musulma ce."

"Ke da ludayi ma faɗuwa yake daga hannunki?"

Muka kira Baba. Ya ce a ba shi zuwa la'asar ya tambayi limamin masallacinsu. Da ya kira ya ce, "Malam ya ce yarinya ta yi gaskiya. Ya kuma ce in tambaya ko lafiyarku ƙalau a can." Sannan ya ƙara, "Bar ta ta je. Amma ta sa farwa."

Na tafi gidan Kaka, a karon farko na tura ƙofa ba sallama, ina jin kamar ɓarauniya. Jikarta na zaune ta miƙe ƙafafu a kan kujera, ita ce mai jin Turanci sosai. Na haɗa Turancina guntu da hannu da ƙafa na yi bayani: ba ƙyama ba ce, doka ce, kuma kunya ce ta hana Umma faɗa. In ni na harba, za ta ci. Jikar ta fassara. Kaka ta daɗe tana kallona, sannan ta kalli takalman Batha da ke ƙafata, ta yi wata magana. Jikar ta danne dariya ta ce, "Ta ce da waɗannan ko bayan gida ba za ki kai ba." Bayan kwana huɗu ta miƙo mini takalman fata. Kwana uku kuma ta yi tana koya mini ƙaramar bindigarta a bayan gari, ina harbin gwangwani. Gwangwanin nan bai taɓa samun kwanciyar hankali irin ta kwanakin ba. A rana ta uku na same shi, ina jin don ya tausaya mini ne.

Ranar fita na hau bayan babur ɗinta, riga uku a jikina, farwa a sama, na zama kamar katifar da aka naɗe. Muka yi ta tafiya cikin fari har gari ya ɓace. Shirun wurin ban taɓa jin irinsa ba. Ni da na tashi cikin ƙarar gas da jiniya, sai ga ni ina jin bugun zuciyata da ƙarar ƙanƙara a ƙarƙashin takalmi, ƙurus ƙurus, kamar ana tauna ƙanzo. Can Kaka ta kashe inji ta nuna wani dutse da leɓe. A kansa farar mujiya ce zaune. Ko ita ce ta bayan gidanmu ko 'yar uwarta ban sani ba, amma kallon iri ɗaya ne. Na yi a'uzu, na ce a raina ta tona mana asiri yanzu kuma ta biyo ni ta ƙarasa. Kaka ta ɗaga gira, ta nuna mujiyar, ta nuna bakinta, ta nuna kwarin da ke ƙasa. Na gane. Wannan ba ta zama inda babu abinci.

Na ƙura ido cikin kwarin ban ga komai ba sai fari. Sai wani ɗan baƙin ɗigo ya ƙifta. Ashe tsuntsaye ne, irin fakararmu amma farare, ƙafafunsu lulluɓe da gashi kamar sun sa safa. Kaka ta ba ni bindiga. Na saita, na cika ƙirji da iska, na tuna yadda Baba ke yi ranar layya, na kwarara, "Bismillahi Allahu akbar!" Muryata ta bugi dutse ta dawo. Tsuntsayen suka tashi gaba ɗaya, harsashina ya tafi neman wata ƙasar. Na juya na ga Kaka kwance a ƙanƙara tana riƙe da ciki, hawaye na daskarewa a kumatunta. Mujiyar ko motsi ba ta yi ba, ta dai juyar da kai gefe, ina jin kunyata ce ta kama ta.

Da Kaka ta farfaɗo ta nuna sama, ta nuna kunnenta, ta yi alamar tambaya: wanda kike kira ba ya jin magana a hankali ne? Na ɗaga gira: yana ji. Muka bi tsuntsayen a ƙafa har bayan wani tudu. Ta cire farwar daga kafaɗata ta shimfiɗa a ƙasa ta ce in kwanta a kai. Ranar farwar Batha ta yi aikin da aka haife ta domin shi. Na kwanta rub da ciki, na zaɓi ɗigo ɗaya, na tuna Umma a kan akwati, na yi bismillah a hankali yadda ni da Ubangijina kaɗai muka ji. Na danna. Guda ta kife, ba ta ko shura ba.

Na tashi da gudu na nutse har ƙirji, na fito, na sake nutsewa, na isa da rarrafe. In kun tambayi 'yan ajinmu za su ce muku girman jimina ce, don haka na gaya musu. Gaskiya ba ta fi tattabarar Shumaisi mai ƙiba ba. Amma da na ɗaga ta sama ina ihu, ko wanda ya ci yaƙi bai kai ni ba.

Kafin la'asar gidan Kaka ya cika da mata. An shimfiɗa kwali a ƙasa kamar yadda muke shimfiɗa leda a nan, kowace da wuƙarta mai siffar rabin wata. Aka aika kiran Umma. Ta shigo ta tsaya a bakin ƙofa, ba wanda ya matsa mata wuri. Na taso da tsuntsuwata zan miƙa mata, sai Kaka ta tare ni da hannu ta yamutsa hanci. Na tsaya da ita a hannu. Jikar ta fassara: "Farautar farko ba ta uwa ba ce. Ta matar da ta karɓi haihuwarki ce. Haka muke yi. Wa ya karɓe ki?"

"Hajiya," na ce. "Tana Riyad. Jirgi huɗu daga nan."

Duk wahalar nan, ashe naman na Hajiya ne, tana can tana daka yaji ba ta san ana yi ba. Matan suka yi ƙus ƙus. Kaka ta bar mu a tsaye har na fara jin hawaye, sannan ta yi magana a hankali, ba ta kalli kowa ba. Jikar ta fassara. "Ta ce in ungozomar mutum ta yi nisa, ungozomar gari ke karɓar mata." Ta ɗago ta dubi Umma. "Ta ce garin nan yana da ungozoma."

Matan suka matsa. Umma ta zauna. Al'adarsu tsuntsuwar farko ba a sa mata wuƙa, manya ke kama ta kowa ta gefensa a ja har ta rabu. Kaka ta kama fiffike, wasu biyu suka kama nasu, aka ba Umma ƙafa. Aka ja ana ihu ana dariya, Umma ta tafi da baya da cinya a hannu. Ɗanya. Matar da ke soya nama har sai ya nemi gafara. Ta dube ni ta ce da Hausa, "Kin tabbata kin yi bismillah?"

"Sau biyu, Umma. Ta farko har Riyad an ji."

Ta sa hannu a aljihun rigarta ta ciro kwalbar Hajiya, ta barbaɗa, ta rufe ido, ta kai baki. Ɗakin duka ana kallon maƙogwaronta. Ta tauna, ta haɗiye, ta buɗe ido, ta ɗaga gira. Ihun da aka yi sai da karnukan waje suka amsa. Kaka ta miƙo tafi a zuba mata jan garin nan. Ta lasa, ta yi tari, ta yi atishawa uku, hawaye ya zubo, muka ce shi ke nan mun kashe tsohuwar mutane. Ta share ido ta sake miƙo tafin. Ana cikin haka jikar ta ja jiki ta matso, ta cire safarta, ta ɗora kumburarriyar ƙafarta a cinyar Umma. Umma ta goge hannu ta danna ƙafar da yatsa, fuskarta ta koma ta aiki, ta ce, "Gobe da sassafe. Kar ki sa in zo in ɗauke ki."

Ta zo. Jinin ya hau, aka kama shi da wuri. Bayan makonni Umma ta karɓi haihuwarta, ɗa namiji, mai ihu kamar mai sayar da gas. Ni kuwa na zama mafarauciyar gida, na kawo zomo, na kawo fakara, ba a sake binne komai a bayan gidanmu ba.

Da muka dawo Shumaisi na ba Hajiya labari tun daga kofato. Ta saurara har ƙarshe ta ce, "To ina kasona?" Na ciro busasshiyar ƙafar tsuntsuwar da na adana mata. Ta juya ta ta ce, "Kaza da safa. Allah mai iko." Ta jefa ta cikin jakar carbinta. Na nuna mata hoton mujiyar, ta yi a'uzu ta tofa gefe, sannan ta sake janyo wayar ta ƙura ido ta ce, "Amma dai wannan tana da tsabta." Yanzu Hajiya ta koma gida gaba ɗaya, benen ma an ce rushe shi za a yi, mai gas ya daina buga ƙarfe. Abin da ya rage mini takalman da suka ƙi ƙafata.

Ina zaune da su a hannu a ranar nan sai wayar Umma ta yi ƙara. Jikar Kaka ce a hoto, bayanta mata sun kewaye kwali. A gaba ga ɗanta da Umma ta karɓa, ya zama ɗan yaro mai kumatu, ya ɗaga farar tsuntsuwa da hannu biyu. Da dutse ya same ta, farautarsa ta farko, suna neman ungozomarsa. Baba ya leƙo ta kafaɗar Umma ya ce, "Ku tambaye shi ya yi bismillah?" Umma ta ture shi tana dariya tana share ido, ta ce jirgi huɗu ne tsakani, Kaka ta karɓar mata. Aka juya wayar. Kaka ta ƙara tsufa, ta ƙara gajarta, ba ta hawa babur yanzu. Ta kama ƙafar tsuntsuwar, ta laluba aljihu, ta ciro kwalbar yajin da Umma ke cika mata duk shekara ta hanyar gidan waya, ta girgiza ta a gaban wayar don mu ji ta kusa ƙarewa.

Umma ta ɗaga gira. Ni kuma aka miƙo mini turmi.